Kafin Ku Tsine Wa Mai Gas

A Jahun mai gas bai taɓa cin shari'a ba. Ba a ma kiransa kotun. Wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar talge, uwargida ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tukunya, ta ɗago ta ce "Allah ya isa," shi ke nan an yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Maigida ya dawo daga masallaci ya tarar an tashi daga zaman, nasa sa hannu ne kawai. Tuhumar kuma guda uku ce, ba ta canzawa daga Aujara har Harbo: ya ɗura mana iska, ya surka mana da ruwa, ko kuwa bai cika ba.

Ni ba lauyansa ba ne, bai kuma ba ni ko sisi ba. Mai shakka ya zo ya dubi takalmina. A cikin tuhumomin nan akwai wadda takan kama shi, kuma zan nuna muku yadda ake kama shi da ita dumu-dumu. Roƙona dai a ɗage zaman na minti goma a kirawo sauran waɗanda ake zargi, domin suna da yawa: akwai sanyin asuba, akwai tiyo, akwai ɓera, akwai miyar kuka, sannan, Allah ya huci zuciyarki, akwai Hajiya da kanta.

Na hango 'yan majalisar gindin darbejiya suna taɓa juna. "Gas a Jahun? Malam ya rasa abin rubutawa." To ku leƙa kayan ɗakin amaren bana. Ku leƙa ƙarƙashin teburin mai shayi a tasha, da ɗakin malamin makaranta da aka turo daga wani gari, da ɗakunan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse. Tun da kilo ɗaya ya haura naira dubu, maganar gas ta tashi daga kicin ta koma aljihun maigida, wato aljihunku. A 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da abin da aka kira shekaru goma na gas. Mu dai har yau a bayan ɗan acaɓa silindarmu take zuwa ta dawo. Ku gyara zama.

Alhaji, tashi ka ɗauki silindar nan ka ɗan girgiza ta. Me ka ji? Ruwa yana kacal-kacal. "Ka gani ko! Ban faɗa ba? Ruwa ya zuba mana!" Zauna, Alhaji, kada rawaninka ya warware. Wannan da ka ji yana motsi shi ne gas ɗin da ka biya. A cikin silinda ruwa-ruwa yake, saboda an matse shi. Ba a kuma cika ta har wuya; akan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar a sama, don idan zafi ya buga ya sami inda zai kumbura. A wannan sararin na sama tururinsa yake taruwa, kuma tururin ne yake bin tiyo ya je murhu. Da zarar an buɗe, tururi ya fita, sai ruwan da ke ƙasa ya tafasa ya mayar da gurbinsa. Ya tafasa fa na ce, ba tare da wuta ba. Gas ɗin girki haɗin abu biyu ne, butan da furofan, kuma namu na Najeriya butan ya fi yawa a ciki. Butan yana tafasa a wajen digiri sifili a ma'aunin Salshiyos, inda ruwa yake ƙanƙara; furofan kuwa tun a digiri 42 ƙasa da sifili.

Daga nan abin da zai ba ku haushi ya fito. Ƙarfin da ke cikin silinda ba ruwansa da yawan gas ɗin da ya rage. Muddin akwai sauran ruwa-ruwan nan a ƙasa, ko kilo goma ne ko kilo ɗaya, matsin kusan ɗaya ne. Zafin jikin silindar ne yake ɗaga shi ko ya sauke shi. Saboda haka ango, kai da ka ƙara kuɗi ka sayi regileta mai geji don amarya ta riƙa ganin abin da ya rage, ka sayi ɗan rakiya. Allurar za ta tsaya a kore tana muku murmushi har ana gobe gas zai ƙare, sannan ta faɗi gaba ɗaya, ranar da surukai suka zo. Kada ka jefar da shi dai, yana da wani amfani babba, za mu zo kansa.

Mu koma kan iska, tunda ita ce tuhumar da kuka fi so. Da kilo ake sayar da gas. Cikin silinda mai ɗaukar kilo 12.5 bai wuce lita 30 ba. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa nauyinta giram ɗaya ne da ɗan ɗori. Ko mai gas ya kwana yana buga mata iska har ya ninka ta sau biyar, abin da ya tara bai kai kwatan kilo ba. Wane ɓarawo ne zai yi wannan wahalar? Wanda ya yi niyyar cuta ba ya neman famfo, sikelinsa yake gyarawa, ko mitar da ke jikin injinsa, ko kuwa ya tsayar da ɗuri yana janku da hira.

To ga inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari, ga kuma maganinsa. A jikin kowace silinda, yawanci a marikin sama ko a zoben gindi, an buga nauyinta idan babu komai a ciki, kusa da haruffan TW. A ce an rubuta 13.5, kun kuma biya kuɗin kilo 12.5, to sikeli ya nuna 26. Ba sikelin mai gas ba, naku. Ɗan ƙaramin nan mai ƙugiya da ake rataya kaya ya isa, ko ku biya ta wajen mai awon hatsi ku roƙi arziki. A auna kafin ɗuri, a auna bayan ɗuri, a gabansa, cikin fara'a. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara cewa "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" to ka sami amsarka. Maganar ruwa ma sikeli ne yake raba gardamarta: ranar da gas ya ƙare ƙurmus, da rana tsaka ba da asuba ba, a sake ɗora ta. Idan ta dawo kan lambar da ke jikinta, babu abin da aka surka. Idan ta fi haka da kilo guda ko biyu kuma har yanzu ana jin abu yana motsi, to akwai abin da ya kwanta a ciki wanda ba ya ci da wuta, kuma kuna da bakin magana.

Mutum nawa ne a cikinku suka taɓa aunawa? Na ga hannu ɗaya can baya, shi ma ƙeya yake sosawa.

Saura Hajiya. Ranki ya daɗe, kin ce wancan karon ya yi miki wata biyu, wannan ko sati uku bai rufa ba. Kan murhu matsakaici, idan aka buɗe shi sosai, yana cin wajen giram 150 a awa. Kilo 12.5 ke nan awa 80 da 'yan kai. Idan kai biyu suna ci awa uku-uku kullum, sati biyu ya tashi. Yanzu ki tuna mini, tsakaninki da Allah: wancan karon ba lokacin da kika yi sati uku a Kano wajen haihuwar 'yarki ba ne, maigida yana cin tsire a waje? Wannan karon kuwa an yi suna, an dafa ƙafar saniya, an dafa waken da ba a jiƙa ba, kuma tun da hunturu ya shigo mutum tara ake ɗora wa ruwan wanka kowace safiya, tukunya a buɗe ba murfi. Ban ce kin yi laifi ba. Na dai ce a rubuta a takardar shari'a.

Hunturun nan shi ne babban wanda ake zargi, kuma bai taɓa shiga hannu ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Jigawa yake haura digiri 40, butan zalla yana nuna kusan bar 3 a geji. A digiri 20 ya sauko wajen bar 1. A digiri 10 rabin bar ne kacal. Asubahin Disamba da Janairu kuwa kun san yadda take a nan, lokacin da alwala take zama jarrabawa. Sannan ga ƙari: duk abin da yake zama tururi sai ya ja zafi daga abin da ke kusa da shi, yadda randa take sanyaya ruwanta da gumin da ke bushewa a jikinta. Silinda ma tana sanyaya kanta da kanta muddin ana jan gas, kuma gwargwadon ja gwargwadon sanyi.

Ku je wajen mai shayi bayan sallar asuba ku gani da idonku. Ƙaramar silinda mai kilo 6, an ɗaura mata kai a bisa, an ɗora ƙatuwar butar shayi, an buɗe wuta har ƙarshe. Da farko tana gurnani. Kafin a soya ƙwai na biyar ta fara lanƙwasa. Ku sa tafin hannu a jikin silindar: daga sama ba laifi, kuna gangarowa sai ku ji ta yi sanyi ƙarara, raɓa ta kwanta mata, har da layi a fili inda jiƙar ta tsaya. Wannan layin shi ne iyakar gas ɗin da ke ciki, kuma ya fi gejin ango faɗin gaskiya. Mai shayi zai sunkuya ya girgiza ta, wuta ta yi tsalle, ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Akwai gas a ciki, algus ne kawai." Akwai gas, gaskiyarsa. Algus ɗin ne babu. Girgizar ta sa ruwan ya taɓa ƙarfen sama mai ɗan ɗumi ne, ya tafasa na minti ɗaya, ya koma gidan jiya. Da zai rage wutar, ko ya koma babbar silinda, ko ya ajiye biyu yana hutar da ɗaya, da ya huta da tsinuwa. Ƙarfe goma na safe kuwa, rana ta fito, gas ɗin da aka tsine wa mai shi ya warke sarai ba tare da an kai shi asibiti ba.

Akwai masu dabara, kuma su nake tsoro. Wani ya kwantar da silindar a gefenta don "ya tatso na ƙasa." Abin da yake tatsowa ruwan ne, kuma lita ɗaya ta ruwan nan tana zama sama da lita 200 ta tururi. Regileta ba a yi shi don ruwa ba. Idan ruwan ya wuce ya isa murhu, wutar da za ta tashi sai ta gaisa da silin. Wani kuma ya jawo kurfoti kusa da ita don ta ji ɗumi. Malam, idan ka gaji da unguwar ne ka tashi kai kaɗai, ka bar maƙwabta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne allurar geji take wa wasa da hankali. 'Yan'uwanmu da ke aiki ko karatu a Manchesta da Landan suna da nasu ciwon kan, kuma shi ma da sanyi yake tashi. A gidajensu akwai tukunyar gas a jikin bango da take dafa ruwa, ruwan ya zagaya cikin bututu rufaffe zuwa lagireto a kowane ɗaki ya ɗumama gida, ya dawo. A gabanta akwai geji, kuma idan tana sanyi ana son allurar ta zauna tsakanin bar 1 da 1.5. Idan ta faɗi ƙasa sosai, tukunyar takan kashe kanta, a wayi gari ana makyarkyata. Ba kamfanin gas suke kira su zaga ba, domin wannan allurar ƙarfin ruwa take aunawa. Bi suke yi daki-daki. Su duba gindin kowane lagireto ko akwai ɗigo. Su tuna ko kwanan nan sun sace iskar da ta taru a lagireto, domin wannan ma yana sauke allura. Su fita waje su dubi ɗan bututun da ke zubar da ruwa idan matsi ya kai bar 3, ko bakinsa a jiƙe yake. Idan kuwa allurar tana tashi sama da zarar an kunna, ta faɗi idan an huce, to wata 'yar tukunya ce a ciki mai tantanin roba da iska a bayansa, wadda take karɓar kumburin ruwan zafi, ta saki iskarta. Akwai ɗan tiyon da ake ƙara ruwa da shi, amma wanda yake ƙarawa kowane sati ya san kansa yake ruɗa. Ruwa ba ya tsami banza. Ɓangaren gas ɗin kuwa doka ta hana kowane mai gyara taɓawa sai wanda sunansa yake cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. A nan kuwa duk wanda ya mallaki filaya injiniya ne.

"To ina ruwanmu da Manchesta?" Ruwanku shi ne dabarar: a rufe komai, a dubi allura, a jira. Ango, ɗauko gejinka, ranarsa ta zo. A kashe duk kawunan murhu. A buɗe regileta har allura ta tashi, sannan a rufe shi. Gas ɗin da ya rage a tiyo yanzu ba shi da hanyar fita. A ba shi minti biyar zuwa goma. Idan allura ta tsaya inda take, lafiya lau. Idan tana zamewa a hankali, to wani abu yana shan gas ɗinku dare da rana, ko ana girki ko ba a yi, kuma ba aljanu ba ne.

Wanda ba shi da geji yana da omo. A kaɗa shi da ruwa a kofi har ya yi kumfa, a samu soso ko tsohon buroshi. A buɗe regileta, murhu a kashe. A shafa a wuyan silinda inda regileta ya zauna, a shafa a inda tiyo ya shiga regileta, a bi tiyon kamu-kamu har inda ya shiga murhu, a juya shi a shafa bayansa, wajen da yake kallon bango. Sai a tsuguna a zuba ido. Kumfar da aka shafa kwanciya take yi tana mutuwa. Inda yake yoyo kuwa za ku ga ƙwaya ɗaya tana hurowa, ta girma, ta fashe, wata ta biyo ta a daidai wurin. Sau da yawa laifin ɗan zoben roba ne baƙi da ke cikin bakin silinda, wanda ya tsage ko ya faɗi a wajen ɗuri. Kuɗinsa bai kai na ƙwai biyu ba, amma yana iya shanye rabin silinda.

Sai tiyo, kuma a nan ne nake son maigida ya daina kallon silin. Wa ya sayo farin tiyon nan da ake hango cikinsa, irin wanda magina suke ɗaukar lebur da shi? Wa ya ɗaure bakinsa da robar tsohon tub maimakon kilif? Tiyon gas daban yake, mai kauri ne, akwai zare a cikin naman jikinsa, kuma nagari akan buga shekarar da aka yi shi a jiki. Ko shi ma ba gadon gado ba ne. Zafinmu yana busar da shi. Ku lanƙwasa shi ku gani, idan ya nuna tsaga-tsaga ya gama aiki. Mai da miya suna zuba a kansa ba a gogewa, ɓera kuma ya zo da dare ya ɗauka an ajiye masa rabonsa. Ba a yi wa tiyon gas faci da salatif. Araha ba ta ado, balle a kicin.

Na san akwai jarumin da tun ɗazu yake lalube a aljihu. "Duk wannan dogon turanci na mene ne? Ashana ɗaya ta isa a gane inda yake yoyo." Ta isa kam, har mutanen Kiyawa ma za su gane. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, butan ya ninka ta biyu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya kwanta a daɓe, ya shiga ƙarƙashin kabad, ya gangara kwata. Idan ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyas ɗaya yake jira. Asalinsa ma ba shi da wari ko kaɗan. Warin nan mai tayar da zuciya zuba masa ake yi da gangan don hanci ya yi gadi. A watan Maris na 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, ya tashi da ita, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan nan ne jihar ta wajabta sa wa gas wari. A kusa da mu kuma, ranar 4 ga Janairun 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Gas bai tambayi takardun kowa ba.

Saboda haka wannan sakin layin babu wasa a cikinsa. Idan kun shiga kicin kun ji warin, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Kada a haska da wuta, kada a tayar da janareto a bakin ƙofa. A rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Idan daga bakin silindar yake fita kuma ya ƙi tsayawa, a ɗauke ta a tsaye a kai fili inda iska take kaɗawa, nesa da duk wani murhu. A gidan yawa a fara leƙa tsakar gida tukuna, domin wataƙila wata tana can ta hura icce.

Idan an auna nauyi ya cika, rana ta fito, kumfa ba ta nuna komai ba, amma wuta tana nan kamar ta mai jinya, to ba ɓata gas yake yi ba, hanya aka tare masa. Tambaya ɗaya ce: duka kawunan ne suka yi ƙasa, ko ɗaya? Idan duka ne, a duba ko tiyo ya naɗe ko an danne shi da buhun shinkafa, sannan a zargi regileta. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙarfin silinda ya mayar da shi ɗan kaɗan, wajen kashi 30 cikin 1,000 na bar ɗaya, kuma yana gajiya. Wasu suna da wani ɗan makulli a ciki da yake datse hanya idan gas ya yunƙuro da yawa lokaci guda, misali idan an buɗe regileta alhali murhu a buɗe yake. Irin wannan sai a kashe komai, a cire shi, a mayar, a buɗe a hankali. Idan ya ƙi, a sayi sabo. Ba a kwance regileta a gyara, ko da yaron gidan ya yi makarantar fasaha.

Idan kuwa kai ɗaya ne, to miyar kuka ta amsa laifinta. Ta tafaso ta zuba, kunu ya bi bayanta, ƙurar hunturu ta zo ta yi musu daɓe. A bari ya huce, a cire kan, a wanke ramukansa da buroshi, a shanya ya bushe sarai. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙaramin rami da gas yake fitowa, wanda da ƙyar ido yake ganinsa. A share shi da lallami da siririn gashin buroshi. Masu sa allurar ɗinkin buhu su rarake shi "don wuta ta ƙara ƙarfi" suna samun wuta ja mai baƙanta gindin tukunya, mai cin gas, mai fitar da hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa amma yana kisa a rufaffen ɗaki. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a tsaye. Murhun da aka ajiye wata da watanni kuma a leƙa bututunsa kafin a kunna, don gizo-gizo da zanzaro ba sa neman izini kafin su kama haya.

Baba, na ga tun ɗazu kana gyaɗa kai kana jin daɗi. "Ai shi ya sa ni da gas har abada. Icce bai taɓa yi mini yoyo ba, kuma tuwon gas ba shi da daɗi." Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, amma wanda ka ci a gidan ɗanka a Dutse har ka nemi ƙari, da me kake zaton an tuƙa shi? Kuma icce bai taɓa sa ka hawaye ba ne saboda ba kai kake zama a bakin murhu ba; a tambayi Inna da idanunta. Ka kuma faɗa wa jikokinka nisan da ake tafiya yanzu kafin a samo iccen, a jihar da take cikin goma sha ɗayan da ake dasa wa katangar bishiyoyi don tare hamada. Tsoronka dai ban raina shi ba. Wanda yake Jigawa a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar fetur ta kife ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, ba zai yi wa mai tsoron wuta dariya ba. Ni mai tsoron ma nake so ya riƙe silinda, ya fi mai ashana.

Tunda kuma kai ne babba, ga aikin da za ka sa a yi maka yau a gidajen 'ya'yanka. A juya kowace silinda a nemi shekarar da aka ƙera ta, tana nan a buge kusa da lambar nauyi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ce shekara 15 ne wa'adin silinda, kuma a riƙa gwada lafiyarta duk bayan shekara 5. Akwai waɗanda suke gidajenmu tun kafin a haifi amaryar da take girki da su, an sayo su na hannu, an shafa musu sabon fenti, har fentin ya rufe shekarar. A kwantar da ido a gindinta, don nan ne ruwan wanke-wanke yake taruwa tsatsa ta ci. Wadda zoben gindinta ya cinye har ana tokare ta da dutse, ko wadda ta loɓa, ta yi ritaya. Na kuma ji wani daga cikinku yana cewa ai ba sai an sayi sabuwa ba, akwai mai walda a bakin kasuwa, hannunsa yana da kyau. To don Allah ku sanar da ni ranar da za a kai masa, ina da ziyarar da na daɗe ina son kaiwa Birnin Kudu.